Haƙoran Filaya Sun Ƙara Tsawo

Ranar Litinin da safe, ƙarfe takwas da kwata, Filaya ya tsaya gaban madubin mai aski, ya ɗage leɓensa na sama da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya juyo ya shaida wa duk wanda ke shagon cewa haƙoransa sun ƙara tsawo.

Filaya mai gyaran wutar lantarki ne, shagonsa na tsakanin na tela da na mai aski. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ba a taɓa ganin ya sa filaya ya ɓare waya ba. Haƙoransa biyu na gaba yake sawa. Ya cusa wayar, ya datse, ya fizge, ya tofar da robar gefe, jan ƙarfen ya fito tas. Nan sunan ya samo asali. Haƙora ne masu kyau, a faɗi gaskiya, sai dai ba su yi sa'ar mai su ba.

"Shekarata hamsin da takwas," in ji shi, "amma ku duba. Na mutane zaizayewa suke, nawa girma suke."

Mai aski ya ja da baya taku biyu, ya kawar da kai wajen ƙofa kamar wani ya kira shi. Wata biyu ke nan duk layin sun koyi yin haka in Filaya ya buɗe baki. Shi kuwa ya ɗauka kwarjini ne ya ƙaru.

"Yaya, ni dai jini nake gani," in ji mai aski. "Ga dasashin nan ja wur, ya kumbura."

"Jinin banza ne ke fita. In sabon abu na tsirowa ai sai ya ture tsohon nama. Kai aski ka sani."

Tela ya leƙo, tsoho ne mai tabarau a kan hanci, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Kafin ya yi sallama Filaya ya zare tef ɗin, ya kanga a haƙori, ya matsa ga madubi.

"Rabin inci da ɗoriya! Bara rabin bai cika ba."

"Wa ya auna bara?" in ji tela.

"Ni na san kayana."

Ya miƙa masa tef ɗin. Tela ya dubi jan da ya ɓata incin farko, ya mai da hannayensa baya.

"Riƙe. Na bar maka har abada."

A nan ne Filaya ya bayyana shirinsa. A tsallaken titi, a saman bene bisa kemis, wata matashiyar likitar haƙori ta buɗe wurin aiki wata uku da suka wuce. Da za a ja wa wurin wuta, wani kamfani aka kira, aka tsallake Filaya da ke zaune taku ashirin daga ƙofar. Bai yafe ba. Yanzu kuwa ga hujja a bakinsa. Haɗin da yake goge haƙora da shi kowace safiya, gawayi da gishiri da barkono, shi ya sa suka yi wannan tsawo. Zai ƙara masa ƙarfi, ya ɗura a kwalabe. Ranar Asabar da ƙarfe goma zai kafa benci a gindin matakalar likitar, ya ɓare babbar waya baƙa, irin wadda ke shigo da wuta daga falwaya zuwa gida, da haƙoran nan biyu, a gaban kowa. Duk mai niyyar hawa bene zai juyo ya sayi kwalba.

"Wata ɗaya na ba ta," in ji shi. "Za ta kwashe kujerarta ta koma inda ta fito."

Da ya koma gida cin abincin rana, matarsa ta ajiye masa kwano, ta ajiye tawul kusa da kwanon.

"Mene ne wannan?"

"Tawul ɗinka ne, Baban yara. Na uku ke nan da jini ya ƙi fita. In yanka kake yi a banɗaki, ka riƙa kawo mana naman."

"Ke ba ki san ana ci gaba ba."

"Na sani mana. Ka ci gaba har ka daina cin nama. Ka koma tauna da gefe ɗaya kamar akuya mai ciwon kunne."

"Hutar da su nake, akwai babban aiki ranar Asabar."

"Ka hau benen nan a duba ka. Taku ashirin ne."

"In hau wurin yarinyar da ban fi shekara biyar da daina ganinta da jakar makaranta ba? Ta kankare mini simintin da ke riƙe haƙorana, su zube, ta sayar mini da na roba? Na san dabararsu."

Siminti yake kiran dauɗar da ta daskare a gindin haƙoransa, mai ruwan ƙasa, wadda farce ba ya ɓanɓarewa. Yana alfahari da ita ƙwarai.

Ranar Talata ya inganta maganin. Ya yi tunani irin na masu sana'arsa, cewa duk abin da ake so ya yi ƙarfi sai an ba shi caji, saboda haka ya ɗiga ruwan batir a cikin haɗin, ɗigo bakwai a kowace kwalba. Ya wanke kwalaben maganin tari goma sha biyu, ya jera. Sai dai magani na bukatar shaida, kuma mai aski mutum ne da bai iya cewa a'a ba.

"Ɗan kaɗan, a kan yatsa. Kyauta na ba ka, don kai ƙanena ne."

Mai aski ya shafa. Idanunsa suka kawo ruwa, sa'an nan ya yar da almakashi ya ruga wajen famfo. Ranar nan har yamma bai furta kalma ɗaya ba, harshensa ya yi bororo. Masu zuwa aski suka ce ba su taɓa jin daɗin shagon kamar ranar ba. Wani ma ya tambaya ko ana samun maganin a babbar kwalba, yana da suruki.

"Ka ji?" in ji Filaya ga tela. "Tun ban fara talla ba."

Shi kansa ya goge nasa bakin da haɗin, ya sa ƙaramin buroshin ƙarfe da yake kankare kan batir da shi, don a ganinsa buroshin kanti na yara ne. Abin da ya tofar a kwata ya sa matar da ke sayar da lemo a bakin hanya ta matsar da tirenta gaba.

Ranar Laraba haƙorin dama ya fara motsi. Ya taɓa shi da harshe ya ji ya yi gaba ya yi baya. Duk mai gyaran wuta ya san abin da ake yi wa haɗin da ya saki, ɗaure shi ake yi. Ya zare siririn jan ƙarfe daga tsohuwar fanka, ya zauna gaban ɓallin madubin mota, ya naɗe haƙoran biyu tare, zagaye huɗu, ya murɗe bakin wayar, ya lanƙwasa ciki. Ya taɓa. Sun tsaya.

"Abin da likitar za ta yi wata shida tana yi," ya ce wa tela, "na gama kafin shayina ya huce."

"Bakin naka ya zama kamar bayan rediyo."

"Bayan rediyo ne ke sa gabansa magana."

Ba a jima ba wata mata ta kawo abin magana na makarantarsu, wato makirufo, ta ce ya daina aiki. Filaya ya buɗe, ya ciro ɗan batir mai kai biyu. Al'adarsa ce, kamar sauran masu aikin, ya ɗora irin wannan batir a harshe ya ji ko da sauran caji. Ya manta da abin da ya naɗa a baki. Kawunan batirin biyu suka sami jan ƙarfe a jiƙe.

Da sauran caji.

Ya yi wata ƙara da ba ta da harafi, ya miƙe da kujerar, ya yi baya ya bangaje allon da ya raba shagonsa da na tela. Keken ɗinki ya tafi da kansa, ya ɗinke hannun rigar wani da wuyanta. Matar ta tattara abin maganarta ta fita ba sallama.

"Batirinki lafiya lau!" ya ƙwala mata daga ƙasa.

Tela ya ɗaga rigar yana dubawa ta saman tabarau.

"In mai rigar ya zo, kai zan turo wa. Ka yi masa magana kusa da fuska, zai gudu bai karɓa ba."

Ranar Alhamis ya tashi dasashin ya yi suntum, in ya danna sai wani farin ruwa ya fito a gindin haƙorin. Matarsa ta ce mugunya ce. Ya ce maiƙo ne, kowane inji mai aiki yana fitar da shi. Amma haƙoran biyu yanzu tare suke motsi, kamar ƙofa mai ganye biyu. Ya je shago ya ɗauko gam mai kamawa nan take, wanda yake liƙe fasasshen soket da shi, ya ɗage leɓe, ya matsa a gindinsu. Ya riƙe leɓen sama yana ƙirga sittin don ya bushe.

Ya bushe. Leɓen ma ya bushe a inda yake.

Duk yadda ya ja, ya ƙi saukowa. Haka ya zauna a shago, haƙora da jan ƙarfe a waje, fuskarsa ta tsaya a kan dariya. A daidai lokacin wani direban babbar mota, ƙato, ya shigo ɗauke da injin firjinsa a kafaɗa, wanda Filaya ya gyara makon jiya, ya kuma ƙone daren da aka kai shi.

"Malam, ka ga aikinka?"

Filaya ya dube shi, haƙora a waje.

"Dariya ma na ba ka?"

"A'a, ai a dariya a ce," in ji Filaya, don duk harafin da ke bukatar leɓe biyu ya gagare shi.

"Au, a yi dariya ka ce? Kayan matata sun ruɓe, kana ce mini a yi dariya?"

Direban ya ajiye injin, ya kama wuyan rigarsa, ya jawo shi kusa. Kusantar ce ta cece shi. Direban ya shaƙi numfashi ɗaya, ya sake shi, ya ɗauki injinsa.

"Allah ya ba ka lafiya," in ji shi daga bakin ƙofa. "Na yafe."

Matarsa ce ta zo da ruwan ɗumi da man girki da auduga, ta yi kusan awa ɗaya tana jiƙa leɓen a gaban tela da mai aski da masu wucewa. Da ya sauko, ya sauko da ɗan fata a manne a gam ɗin.

"Shekara talatin ina roƙon Allah ya sa ka riƙa fara'a," in ji ta. "Na janye roƙon."

Ranar Juma'a da hantsi likitar da kanta ta sauko. Tela ne ya hau ya gaya mata, ya ce ba don Filaya ya yi ba, don hancinsa ya yi. 'Yar siririya ce, da farar riga, ta yi sallama ta tsaya a bakin shagon.

"Ina kwana, Baba. An ce gobe kana da taro a ƙofata."

"An faɗa miki daidai, 'yata. Ki zo da wuri ki sami wurin tsayawa."

"Ko zan ga haƙoran da ake magana?"

Wannan roƙo ne da Filaya bai taɓa ƙi ba. Ya ɗage leɓe. Ba ta ja da baya ba, ta ma matso, abin da ya daɗe bai gani ba. Ta daɗe tana kallon jan ƙarfen da gam ɗin. Sa'an nan ta ɗauki guntun waya a kan teburinsa, ta ari almakashin tela, ta zagaye robar ta zare kamar inci ɗaya.

"Baba, wayar nan ta ƙara tsawo?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Roba kika cire."

"To haka bakinka yake. Haƙoran ba su ƙaru da komai ba. Dasashi ne ya janye, saiwa ta fito fili. Abin da kake kira siminti, dauɗa ce ta daskare, ita ke cin naman, tana cin ƙashin da ke riƙe haƙorin. Tun ranar da ka fara ganin jini in ka goge baki ya kamata ka zo. Yanzu ga wari, ga kumburi, ga mugunya, ga motsi. Ba abin da ya rage cikin alamun da ba ka tara ba."

Mai aski, wanda harshensa ya fara warkewa, ya ce a hankali, "Yaya ba ya yin abu rabi."

"Ka hau yanzu in wanke, in cire wannan wayar, in ba ka magani," in ji likitar. "Wataƙila a ceci biyun nan. Amma don Allah kada ka ciji abu mai tauri. Ko rake ban yarda ba, balle waya."

Filaya ya ji wani abu ya taɓa shi a ciki, don misalin wayar ya shige shi sarai. Ya dubi guntun jan ƙarfen da ke hannunta. Sai kuma ya ga tela na kallonsa, mai aski na kallonsa, mai lemo ta bar tirenta ta matso.

"Ke za ki koya mini waya?" in ji shi. "Ina ɓare waya tun ba a haife ki ba."

"Haka ne, Baba. Ƙofata a buɗe take."

Ta ajiye wayar ta tsallaka titi. Kafin ta kai saman matakala, ya riga ya gaya wa mutum huɗu cewa ta zo roƙonsa ya janye.

Ranar Asabar da ƙarfe goma saura, layin ya cika. Masu shaguna suka rufe, masu jiran mota suka fasa tafiya, direban babbar mota ma ya zo ya tsaya can nesa inda iska ke kaɗawa daga bayansa. Filaya ya sa sabuwar riga. Ya jera kwalabe goma sha biyu a kan benci. Ya ɗaure bakin babbar wayar a ƙarfen matakala, ya riƙe ɗaya bakin, mai kauri kamar babban yatsa. Matarsa na tsaye a gefe da tawul a kafaɗa. Likitar na kallo ta taga.

"Jama'a," in ji shi, sahun gaba ya koma sahu na biyu, "wanda ke son a kankare masa haƙori, ga matakala. Wanda ke son irin wannan, ga kwalba."

"A yi mu gani, rana na yi," in ji tela.

Ya cusa wayar, ya datse. Zafin ya tafi har ƙeyarsa, idanunsa suka rufe da kansu. Ya ja kaɗan. Robar ko gezau.

"Ko a kawo maka filaya?" wani ya ce daga baya.

Dariyar da aka yi ita ta ƙarasa shi. Ya kafa ƙafa ɗaya a matakalar farko, ya ƙara datsewa, ya fizge kansa baya da duk ƙarfin shekara talatin da ɗaya.

Ba a ji ƙara mai yawa ba. Wani ɗan sauti ne kamar an cire murfin kwalba. Filaya ya tafi da baya ya zauna a kan benci, benci ya tashi, kwalabe goma sha biyu suka tarwatse, baƙin ruwan ya bi kwata yana kumfa. Wayar kuwa ta koma tana lilo a jikin matakala, robarta ba ta ko ɓare ba. A jikinta haƙora biyu ne a kafe, ɗaure da juna da jan ƙarfe, zagaye huɗu, kamar makullan gida.

Tela ya matsa, ya gyara tabarau, ya duba su sama da ƙasa.

"Gaskiyarsa," in ji shi. "Dogaye ne. Yanzu da na ga har gindin, sun kusa inci."

Layin ya fashe da dariya. Mai lemo ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Filaya ya miƙe yana so ya ce wannan somin taɓi ne, amma kowace kalma sai ta fita da fito ta sabuwar ƙofar, jini na bin haɓarsa zuwa sabuwar riga. Matarsa ta danna masa tawul a baki, ta kama hannunsa, ta juya shi wajen matakala.

"Taku ashirin na ce maka ranar Litinin. Yanzu saura goma sha biyu, duk sama."

Ya hau. Mai aski ya ɓanɓaro haƙoran daga wayar, ya bi su da su a cikin takarda.

Likitar ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dubi abin da ke cikin takardar ta girgiza kai, ta ce ƙashin da za a mai da su ciki ya riga ya zaizaye. Ta tsai da jinin, ta yi masa allura, ta yi awa ɗaya da rabi tana kankare simintin, yana jin ƙararsa na zuba a ƙaramin kwano. Huɗu na ƙasa ma suna motsi, in ji ta, amma za su tsaya in ya riƙa dawowa, ya sayi buroshi mai laushi da man goge baki, safe da dare, ya kuma bar ruwan batir a cikin batir.

"Baba," in ji ta tana cire safar hannu, "shekara huɗu ina wannan aiki, ban taɓa ganin dasashin da aka wulaƙanta kamar naka ba."

Da suka sauko, rabin taron na nan, ba wanda ya so ya rasa ƙarshen. Filaya ya tsaya a matakala ta uku daga ƙasa, kumatu a kumbure, auduga cike da baki. Ya dubi jama'a. Ya sa yatsu biyu ya zaro audugar.

"Ku tambayi mai aski, yana wurin," in ji shi, fito na bin kowace kalma. "Da bakinta ta faɗa. Shekara huɗu tana aiki, ba ta taɓa ganin baki irin nawa ba."

Matarsa ta karɓi audugar daga hannunsa, ta mai da ita inda take, ta danna da babban yatsa.